Yadda Japon ta sa jama'arta motsa jiki ta hanyar radiyo

Yau za mu kai ku nesa, can gabashin duniya, ƙasar Japon, wadda take tsibirai ce cikin teku. Muna so ku ji yadda hukumomin ƙasar suka yi shekara kusan 100 suna neman mutane su motsa jiki, da dabarar da ta ci, da wadda ba ta ci sosai ba.

Labarin ya faro daga gidan waya. Tun 1916 gidan waya na Japon yake sayar wa talakawa inshorar rai, watau mutum ya riƙa zuba ƴan kuɗi kowane wata, ran da ya rasu a biya iyalinsa. To kun gani, in mutane suna mutuwa da ƙuruciya, asusu ba ya jimrewa. A lokacin nan kuwa, in an yi lissafin tsaka-tsaki, ran mutum a Japon wajen shekara 45 ne, tarin fuka yana ɗauke samari da ƴan mata. Ma'aikatan asusun suka ji labarin wani kamfanin inshora na Amurka, Metropolitan Life, wanda ya soma ba da darasin motsa jiki a radiyo a 1925. Suka ɗauko dabarar. Ran 1 ga Nuwamba 1928, lokacin bikin naɗin sarki Hirohito, aka fara watsa shirin daga birnin Tokyo.

Ku lura, ba ƙiba ake yaƙi da ita ba a sa'an nan. Mutane ramammu ne, ƙarfin jiki ake nema masu.

Abin ba wuya. Ana kaɗa piyano, mai magana yana ƙirga, kowa ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya juya ƙugu, ya yi tsalle. Ba a bukatar ƙwallo ko takalmi ko filin wasa. Wanda bai iya karatu ba ma yana bi, tun da kunne ke aiki. A 1930 wani ɗan sanda na unguwar Kanda, cikin Tokyo, ya fara tara yara da sassafe lokacin babban hutun makaranta, su yi tare. Al'adar ta bazu. Har yau akwai unguwannin da yaro ke rataya kati a wuya, kowace safiya da ya zo a buga masa hatimi.

Amma abin da gomnati ta riƙe, tana iya juya shi inda take so. Lokacin yaƙin duniya na 2 aka mai da shirin horon biyayya, har aka kai shi ƙasashen da Japon ta mallake. Bayan ta sha kaye a 1945, aka ajiye tsohon shirin. Aka gwada wani sabo a 1946, ya yi wa mutane wuya, aka daina a 1947. Wanda ake yi yau, a 1951 aka tsara shi: motsi 13, cikin minti 3 da ɗoriya, wanda tsoho da jikansa za su iya yi tare.

Sai arziki ya zo, da mota, da aikin zama kan kujera, da abinci mai maiƙo. Tumbin magidanta ya fara fitowa. A nan wajenmu, in mutum ya yi teɓa sai a ce ya samu, hutu ya karɓe shi. Likita kuwa ciwon sukari da hawan jini yake hangowa, gomnati kuma kuɗin magani take lissafawa.

Saboda haka a watan Afrilu 2008 aka soma aiki da wani sabon tsari. Duk mai shekara 40 zuwa 74, ana kiransa awon lafiya sau ɗaya a shekara, a zagaya cikinsa da ma'auni irin na tela, daidai cibiya. Iyakar namiji santimita 85, ta mace 90. Wanda ya wuce, kuma jininsa ya nuna alamar ciwo, sai a haɗa shi da ma'aikacin lafiya ya ba shi shawara kan ci da motsi. Kuna iya jin ana cewa wai a Japon an hana ƙiba, ana cin mai teɓa tara. Ba haka ba ne. Asusun inshorar lafiya ne ake ƙara wa kuɗin da zai zuba in mutanensa ba su zuwa awo.

Ko awon ya rage tumbi? Kaɗan ne. Wani bincike da aka buga a 2020, kan maza fiye da 70,000, ya nuna waɗanda aka tura wajen shawara sun ɗan rage nauyi a shekarar farko, bayan shekara 3 ko 4 bambancin ya ɓace. A ganinmu dalilin a fili yake. Ma'auni sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya tsorata mutum ya wuce. Radiyo kuwa kullum safiya tana nan, maƙwabci kuma yana jiranka a fili.

Duk da haka kada mu ba radiyo ladar da ba tata ba. Masu ƙiba mai yawa a Japon wajen mutum 5 ne cikin 100, a Amurka wajen 40. Babban dalili shi ne kwanon abinci ƙarami, da kifi da ganye, da abincin rana da makaranta ke ba yara bisa dokar 1954, da tafiyar ƙasa. Yaran firamare da ƙafa suke zuwa makaranta, ma'aikacin birni da ƙafa yake zuwa tashar jirgin ƙasa.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Gidan radiyon ƙasar, NHK, yana sa shirin kowace safiya da ƙarfe 6 da rabi, na minti 10. A mako minti 70 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan hau. Saura minti 80, waɗanda mutumin Tokyo ke cikawa tsakanin ƙofar gidansa da tasha.