INA KUKE RAN 3 GA AGUSTA 1960? TSOFAFFIN SOJOJIN GARINMU SUN TUNA



A lakwal muna koya wa yara cewa ƙasarmu Nijar ta samu mulkin kai ran Laraba 3 ga Agusta 1960, daidai da watan Safar na 1380, kuma Diori Hamani ne ya yi shelar a Yamai da tsakar dare. Yara su haddace, su rubuta ran jarrabawa, shi ke nan. Amma littafin lakwal bai faɗi inda mutanen garinmu suke ba a wannan rana, balle sojojinmu, waɗanda lokacin suna sanye da kayan sojan Faransa. Saboda haka kwamitin ƙungiya ya ɗora mana aikin zagaya gidajensu. Mun iske uku da rai, kowannensu ya haura shekara 85. Na huɗu ya rasu, ɗansa da matarsa suka ba mu labarinsa. Ba mu sa sunan kowa ba, don haka suka roƙa, amma duk ɗan gari zai gane su.

1. YADDA SUKA SHIGA SOJA

Dole mu fara daga nan, don samari na yanzu suna tsammanin kowa da son ransa ya tafi. Rundunar da Nasara ke kira «tirailleurs sénégalais» an kafa ta tun 1857 zamanin gwamna Faidherbe, kuma ko da ka fito daga Gobir ko Adar ko Damagaram, sunanka ɗan Senegal a bakinsu. Daga 1919 aka mai da ɗaukar soja farilla ko ba a yaƙi, aikin shekara 3. Kumandan ya aiko wa sarki yawan samarin da yake so, sarki ya raba wa masu gari, a tara samari a bariki, likita ya duba su, sa'an nan a yi ƙuri'a. Wanda ƙuri'a ta faɗa masa ya tafi. Wasu kuma, musamman bayan 1945, da kansu suka sa hannu, saboda kuɗin lanho, ko sadaki, ko shekara ta ƙi.

Hanyar tafiya duk ɗaya suka ba mu ita: kamiyo har Faraku, jirgin ƙasa har Kwatano, daga nan jirgin ruwa. Dukansu sun fi tuna amai da jiri na kwanakin teku bisa ga ranar da aka fara ba su bindiga.

2. HALIN DA ƘASA KE CIKI

Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar «i» ko «a'a» ta Janar de Gaulle. Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a, Diori da jam'iyyarsa ta RDA suka ce i, aka bayyana cewa masu i sun rinjaya. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya, amma tsaro da kuɗi da hulɗar waje suna hannun Faransa. A 1959 aka hana Sawaba, Djibo ya fita ƙasa. A 1960 ƙasashe huɗu na ƙawancen Entente suka jera bukukuwansu kwana biyu-biyu tsakani: Dahome ran 1 ga Agusta, Nijar ran 3, Haute-Volta ran 5, Kodibuwa ran 7.

Ku lura da abu ɗaya, don shi ne kan zancen: ran 3 ga Agusta ƙasa ta samu tuta da gwamnati, amma ba ta karɓi sojojinta ba tukuna. Kowane ɗan Nijar mai kakin soja ƙarƙashin hafsan Faransa yake, kuma Faransa tana tsakiyar yaƙin Aljeriya, wanda ya soma 1 ga Nuwamba 1954.

3. NA FARKO: BAKIN WAYA, ALJERIYA

Babanmu na farko yana gabashin Aljeriya, kusa da iyakar Tunisiya, inda Faransa ta ja waya mai wutar lantarki tun 1957, ta binne nakiyoyi, don hana mayaƙan FLN shigowa da makamai. Aikinsa gadin dare ne bisa wani tudu. Ya ce ba ya iya rantsuwa da abin da ya yi ran 3 ga wata, don ranar ba ta bambanta da sauran ba: ƙaho da asuba, kofi da burodi, sharar bindiga, barcin rana cikin zafi, gadi da dare. Sai bayan kwanaki wani sarjan ɗan Dahome, mai ƙaramar rediyo, ya gaya musu ƙasashensu sun fita hannun Nasara. Suka tara kuɗi, 'yan Nijar da 'yan Dahome da 'yan Haute-Volta, suka sayi akuya suka gasa. Washegari aka fitar da su sintiri kamar kullum.

Abin da ya fi tsaya masa a rai, in ji shi, mutanen ƙauyukan nan Musulmi ne, yana jin kiran sallarsu daga inda yake tsaye, suna kiransa «Saligan», watau ɗan Senegal, yaransu na gudu in sun gan shi. Bayan labarin ya iso, sai ya riƙa tambayar kansa: ga shi ƙasarsa ta samu abin da waɗannan mutane ke mutuwa dominsa, shi kuma an ba shi bindiga ya tare musu hanya. Ya ce bai gaya wa kowa wannan tunani ba a can, don bango yana da kunne. Mu ma ba mu ƙara masa kome ba, kuma ba mu rage ba. An tsai da wuta ran 19 ga Maris 1962, Aljeriya ta samu 'yancinta cikin Yuli na shekarar.

'Yan uwanmu da ke bida a Tamanrasset da gaba, ku san cewa kakanninku sun riga ku taka ƙasar nan, kuma ba da zaɓinsu ba.

4. NA BIYU: BARIKIN FIREJIS, FARANSA

Na biyu yana Firejis, bakin teku a kudancin Faransa, inda tun yaƙin 1914 ake tara sojojin Afirka. Akwai wani jan gini a wurin da aka gama a 1930 bisa siffar masallacin Jenne, don sojoji su rage kewar gida. Shi yana jiran jirgin komawa ne, bayan ya yi jinya. Ya ce a nan an san da ranar tun kafin ta zo, don akwai masu karanta jarida. Kaftin ya tara 'yan Nijar, ya yi musu barka, aka ƙara musu abinci. Amma da dare, cikin ɗaki, ba murna aka yi ba, gardama aka yi. Wanda ya yi shekara 9 ko 10 yana lissafin saura nawa ya cika 15 ya samu fansiyo. In aka sallame shi yanzu fa? In ya koma gida, wa zai biya shi, Diori ko de Gaulle? Babu wanda ya iya ba su amsa, har kaftin ɗin. Za ku gani a ƙasa cewa tsoronsu ba na banza ba ne.

5. NA UKU: FARETI A DAMAGARAM

Na uku shi kaɗai ne ya ga biki da idonsa. Yana barikin Damagaram, garin da ya kasance babban birnin ƙasa har 1926. Ya tuna an kwana ana guga da goge takalmi, ya tuna dawaki da algaita da kakaki, da yaran lakwal riƙe da ƙananan tutoci masu ruwan lemo da fari da kore. Tutar ba sabuwa ba ce ran nan, an tsai da ita tun 23 ga Nuwamba 1959. Taken ƙasa kuwa babu shi tukuna, sai a 1961 aka samu «La Nigérienne», wanda aka sauya a 2023. Ya ce wanda ya ba da umurnin gaisuwa ga tutar Nijar, laftanan ne Bafaranshe, kuma da aka watse, barikin Faransa suka koma suka kwana.

A nan ga wani abu da ya kamata mai neman tarihi ya kiyaye. Da farko baban namu ya ce ana hazo da sanyi ranar faretin. To, farkon Agusta tsakiyar damina ne, ba a hazo. Da muka bi zancen a hankali tare da shi, sai ya fito fili cewa fareti biyu ne suka haɗu a ransa: na 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, da na 3 ga Agusta. Wannan ba ƙarya ba ce, tsawon zamani ne. Shi ya sa muke auna maganar baki da takarda, mu kuma auna takarda da maganar baki.

Shi yana cikin waɗanda suka koma rundunar ƙasa. An sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa ran 24 ga Afrilu 1961, a shekarar nan aka miƙa sojoji ga Nijar, Demba Maïnassara ya zama babban hafsansu na farko. Seyni Kountché ma ta wannan hanya ya biyo: ya shiga sojan Faransa a 1949, ya yi Andoshin da Aljeriya, ya dawo rundunar ƙasa a 1961, shi ne ya kifar da Diori ran 15 ga Afrilu 1974.

6. NA HUƊU: CIKIN GONA

Marigayi na huɗu ya yi yaƙin Andoshin, wanda ya ƙare a 1954 bayan faɗuwar Dien Bien Phu, ya dawo gida da tabo a cinya. Innarmu matarsa ta ce ran nan yana gona yana maimai, ita ta kai masa fura. Da yamma ɗan aiken sarki ya zo da doki, maroƙi ya yi shela cewa mulkin Nasara ya ƙare. Mutane suka tambayi marigayin, don shi ya ga duniya, ko za a daina biyan lanho. Ya ce musu su tanadi kuɗinsu. Bayan kaka kuwa aka zo karɓa.

Ɗansa ya ƙara da cewa ba kowane gida ne ya yi guɗa ba. Gidajen da suka bi Sawaba shiru suka yi, don jam'iyyarsu a hane take, shugabansu yana waje. Dattawan da ke karanta wannan sun fi mu sanin zancen, kuma yau jikokin ɓangarorin biyu sun auri juna, alhamdu lillahi.

7. ABIN DA RANAR TA JAWO MUSU

Wata 7 kafin bikin, ran 26 ga Disamba 1959, majalisar Faransa ta sa wata aya, ta 71, cikin dokar kasafin kuɗi. Ayar ta ce duk tsohon sojan da ƙasarsa ta samu mulkin kai, fansiyonsa zai tsaya inda yake. Su suna kiran abin «cristallisation», watau daskarewa. Na Bafaranshe yana hawa tare da tsadar rayuwa, na ɗan Nijar yana nan wuri ɗaya, alhali rami ɗaya suka kwanta. Shekara ta bi shekara har tazarar ta zama ninki bisa ninki.

Gyara bai zo da sauri ba. Wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. Bayan fitowar fim ɗin «Indigènes» a 2006, shugaba Chirac ya daidaita kuɗin wanda ya yi yaƙi da na wanda ya ji rauni daga Janairu 2007. Ran 28 ga Mayu 2010 kotun tsarin mulkinsu ta soke bambancin, aka daidaita sauran daga 1 ga Janairu 2011. Shekara 50 ke nan cur. Kuma wani sashe na gyaran sai wanda ya rubuta takardar nema. Dattijo da bai yi lakwal ba, yana ƙauye, takardunsa gara ta ci, ina zai ji labari, wa zai rubuta masa? Mafi yawansu sun koma ga Allah ba su ga kome ba.

8. ROƘONMU GARE KU

Waiwaye adon tafiya ne, amma ba don ado kaɗai muka yi wannan ba. A gida biyu cikin huɗun nan mun iske littafin soja cikin tsohuwar adaka, ruwa ya taɓa shi, wasu shafuna sun manne. Cikin littafin ne aka rubuta lambar mutum, da rundunarsa, da ranar da ya hau jirgi, da ranar da ya sauka. In ya lalace, shaida ta tafi, ta tarihi da ta haƙƙin matar da ya bari.

Saboda haka ƙungiya tana roƙon abu uku. Na ɗaya, duk gidan da ke da littafin soja, ko katin tsohon soja, ko lambar girma, ko hoto, a kawo lakwal ran Alhamis da marece, mu ɗauki hotonsa mu mai da wa mai shi nan take. Na biyu, 'yan ci-rani, in kun kira gida, ku tambayi tsofaffinku maza da mata inda suke ran nan, ku aiko mana, ko da layi biyu ne. Na uku, tun 1975 aka haɗa 3 ga Agusta da dashen itace. Kwamiti ya ba da shawara a dasa itace ɗaya a farfajiyar lakwal da sunan kowane tsohon sojan gari, ɗan aji guda ya ɗauki nauyin ban ruwa. Wanda ke da ikon taimakawa da kuɗin waya don kare su daga awaki, ya ba ma'aji.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya gida lafiya. Amin.

Mushen aji na biyar, a madadin kwamitin tarihi na ƙungiya.