Tsaron burauza

Tsaron burauza shi ne matakan da ake ɗauka don hana masu kutse amfani da manhajar buɗe shafukan intanet, irin su Chrome, Firefox, Safari da Edge, wajen satar bayanai ko mallake na'urar mutum. Tushen matsalar yana cikin aikin burauza kanta. Duk sanda aka buɗe shafi, takan sauko da rubutaccen umarni, wato kod, daga kwamfutar wani da ba a sani ba, ta aiwatar da shi nan take a kan na'urar da ke ɗauke da imel, hotuna da asusun bankin mai ita. Saboda haka kariyar ta rataya ne a kan abu biyu: killace kowane shafi don kada ya taɓa abin da ba nasa ba, da hanzarta yin faci idan an gano kafa.

Tarihi

Burauzar farko da Tim Berners-Lee ya rubuta a 1990 aikinta nuna rubutu ne. Lamarin ya canza a 1995, lokacin da kamfanin Netscape ya shigo da harshen JavaScript, wanda ya ba shafuka damar gudanar da kod a na'urar mai karatu. A daidai wannan zamani Netscape ya kafa dokar asali ɗaya, wadda ta hana kod ɗin wani shafi karanta bayanan wani shafin daban, ya kuma fito da SSL don ɓoye abin da ke wucewa tsakanin burauza da sabar. TLS ya gaji SSL a 1999.

Ƙarin manhajojin da ake liƙa wa burauza, kamar ActiveX na Microsoft, Java da Flash na Adobe, sun daɗe suna zama babbar ƙofar kutse, domin ikonsu a kan kwamfuta ya fi na shafin da ya kira su. Adobe ya daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamba, 2020, Microsoft kuma ya yi wa Internet Explorer 11 ritaya a ranar 15 ga Yuni, 2022.

Ire-iren lahani

Lahanin ƙwaƙwalwa. An rubuta manyan burauzoji da harshen C++, wanda ke barin mai rubuta manhaja ya kula da rabon ƙwaƙwalwar kwamfuta da kansa. Idan manhajar ta rubuta bayani ya zarce gurbin da aka ware masa, ko ta ci gaba da amfani da gurbin da ta riga ta saki, mai kutse na iya cusa nasa umarnin a wurin. A 2020 masu kula da Chromium, tushen da aka gina Chrome da Edge a kai, sun bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na munanan lahanin da suka bincika daga wannan rukuni suke. Irin wannan kutse ba ya buƙatar mutum ya sauke komai. Buɗe shafin kaɗai ya isa. A watan Satumba na 2023 an gano lahani a manhajar da ke buɗe hotunan WebP, wanda ya tilasta wa Chrome, Firefox da Edge fitar da facin gaggawa.

Cusa kod a shafin wani. Wannan shi ne harin da aka sani da XSS. Yana faruwa idan shafi ya karɓi rubutu daga baƙo ya nuna wa jama'a ba tare da tacewa ba. Burauza takan ɗauki kod ɗin baƙon a matsayin na shafin, ta ba shi damar taɓa kukis, wato 'yan bayanan da ke shaida cewa mutum ya shiga asusunsa. A watan Oktoba na 2005 Samy Kamkar ya yi amfani da wannan kafa a MySpace, kod ɗinsa ya bazu zuwa asusu fiye da miliyan ɗaya cikin ƙasa da kwana guda.

Jabun takardar shaida. Shafin da ke amfani da HTTPS yakan gabatar da takardar shaida mai sa hannun wata hukumar da burauza ta amince da ita. A 2011 an yi kutse a DigiNotar, ɗaya daga cikin irin waɗannan hukumomi a ƙasar Holan, aka buga jabun takarda da sunan Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen asirin masu Gmail a Iran. Burauzoji sun janye amincewarsu, kamfanin kuma ya durƙushe a shekarar.

Yaudarar ido. Wasu haruffan Rashanci sun yi kama da na boko sak, kamar "а" da "е". A 2017 mai bincike Xudong Zheng ya yi rajistar adireshi da irin waɗannan haruffa, wanda Chrome da Firefox suka nuna tamkar apple.com.

Manhajojin ƙari. Waɗanda mutum ke ɗorawa da kansa sukan nemi izinin karanta duk shafin da ya buɗe, kuma ta kirki tana iya lalacewa idan ta canza hannu. A watan Fabrairu na 2021 Google ya cire The Great Suspender daga rumbun Chrome saboda mugun kod, bayan mai ita na asali ya sayar da ita.

Lahanin da masu kutse suka riga kamfani ganowa ana kiransa na ranar sifili, domin ba a samu ko kwana ɗaya na gyara ba kafin a fara kai hari da shi. Da irinsa ne a cikin Internet Explorer aka kai harin Aurora, wanda Google ya bayyana a watan Janairu na 2010. Hukumomin Jamus da Faransa sun shawarci jama'a su koma wata burauza har sai an yi faci.

Kariyar da ke cikin burauza

Chrome ya fito a 2008 da tsarin killacewa: ɓangaren da ke sarrafa shafi yana aiki a keɓe, ba shi da ikon buɗe fayil ko ɗora manhaja kai tsaye. Don haka mai kutse yana buƙatar lahani biyu aƙalla, ɗaya na shiga, ɗaya na tsallake shingen. Bayyanar Spectre a watan Janairu na 2018, lahani a furosesa da ke ba kod damar leƙa ƙwaƙwalwar da yake tarayya da wani, ta sa aka ƙara raba shafuka: Chrome ya fara ba kowane shafi nasa ɗakin a kwamfutoci a 2018, Firefox ya biyo baya a 2021.

Akwai kuma jerin miyagun shafuka, Safe Browsing na Google da SmartScreen na Microsoft, waɗanda ke sa burauza ta yi gargaɗi kafin a shiga. Kamfanoni na biyan lada ga duk wanda ya kawo rahoton lahani, kuma tun 2007 ake gasar Pwn2Own, inda masana ke fasa burauzoji a bainar jama'a sannan a miƙa bayanin ga masu su.

Abin da ke hannun mai amfani

Mafi muhimmanci shi ne sabuntawa. Da zarar faci ya fito, masu kutse kan kwatanta tsohon kod da sabo su gane inda kafar take, don haka haɗarin wanda bai sabunta ba ƙaruwa yake yi. A kwamfuta, facin ba ya fara aiki sai an rufe burauzar an sake buɗe ta. Kashe sabuntawa don tattalin data, ko dogaro da tsohon kwafin da aka turo daga wayar wani, yana barin na'ura a buɗe.

Sauran matakan sun haɗa da rage manhajojin ƙari zuwa waɗanda ake buƙata, ba kowane asusu kalmar sirri tasa, kunna tabbatarwa mai mataki biyu, da fita daga asusu bayan amfani da kwamfutar kafe ko ta makaranta. Masu Opera Mini, wadda ta yi farin jini a Najeriya saboda rage cin data, su sani cewa a yanayin matse data mafi tsanani shafuka na bi ta sabar kamfanin Opera, inda ake warware ɓoyon kafin a turo su.

Alamar kwaɗo a gefen adireshi na nufin an ɓoye hanyar sadarwa ne kawai, ba shaida ba ce cewa mai shafin mutumin kirki ne. Saboda wannan ruɗani Chrome ya sauya alamar a 2023. Haka nan yanayin sirri yana hana ajiye tarihin bincike a na'ura, amma ba ya tare mugun kod ko jabun shafi.