Borin jini

bṑrin jinī sn., nj.; ba shi da jam'i.

1. Kumburi mai ƙaiƙayi da yake tasowa a fata rudu-rudu, ya bayyana nan, ya ɓace, ya sake ɓullowa can, kowane rudu kuwa galibi ba ya wuce sa'a 24, ba ya kuma barin tabo. Mis.: Ya ci gyaɗa, ~ ya taso masa.

2. (likit.) ~ mai naci: wanda ya zarce mako 6 yana tafiya yana dawowa, sau da yawa ba tare da wani sababi na zahiri ba, ya fi kama mata. Asalin illar, bisa binciken likitoci, daga garkuwar jiki take, domin akwai ƙwayoyin mast da ke zaune a cikin fata, waɗanda idan aka zuga su sai su saki sinadarin histamin, shi kuwa ya buɗa ƙananan jijiyoyin jini har ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura, mai shi ya dinga susa. A wasu majiyyata, jiki ne da kansa yake ƙera makaman da ke auka wa wani sinadarin garkuwa mai suna IgE ko mazauninsa a bayan ƙwayar mast, alhali babu wata cuta da ta shigo. Mis.: ~ ya hana ta barci.

Magani: masu danne histamin, kamar cetirizine, in sun gaza, allurar omalizumab, wadda Amurka ta halatta don borin jini mai naci a 2014. In kumburi ya kai ga harshe ko maƙogwaro, wajibi ne a garzaya asibiti.

Dub.: ƙaiƙayi, ƙurji (jam. ƙuraje), garkuwar jiki.