Murya Kafin Fuska: Zaɓen 'Yan Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa a Jalingo

Duk wanda ya biya kuɗin ƙofa ya shiga kallon wasa a dandamali, abu ɗaya ya je saye wanda wayar da ke aljihunsa ba za ta iya ba shi ba, wato mutum mai rai a gabansa yana aikata abin a daidai wannan lokaci, zai iya yin gwanintar da za a tashi tsaye, zai kuma iya yin kuskure a ji. Labari da waƙa da fuskar jaruma duk akwai su a YouTube, kusan kyauta. Saboda haka wannan maƙala ta tsaya a kan magana guda: idan za a shirya wasan kwaikwayo mai waƙa a Jalingo, wanda waƙa ke ɗauke da wani ɓangare na labarinsa, to a zaɓi 'yan wasa bisa muryarsu da iya riƙe dandamali, kuma duk wanda aka ba waƙa ya rera ta da bakinsa. Suna da kyan fuska da asalin ƙabila su biyo baya. Da jin wannan sharaɗi wani zai ce ai ba ya bukatar hujja, amma al'adar da muka gada cikin shekaru talatin da suka wuce ta saɓa masa gaba ɗaya.

Asalin al'adar a bayyane yake. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan bidiyo suka fara janye 'yan wasan daɓe daga dandamali zuwa gaban kyamara. Kafin ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan karɓuwar da Sangaya ya samu, waƙa da rawa sun zama jarin fim, har ta kai waƙar ce ke sayar da kaset ko da labarin bai taka kara ya karya ba. Tsarin da aka ɗauka na Indiya ne, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa: mawaƙi ya shiga sutudiyo ya rera a kan kiɗan fiyano, jarumi kuma ya zo daga baya ya motsa baki, abin da 'yan fim ke kira mamin. Da haka Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Fati Nijar suka zama muryoyin jarumai da dama. Da yawa daga waƙoƙin barkwancin da jama'a ke danganta wa marigayi Rabilu Musa Ibro, Sadi Sidi Sharifai ne ya rera su. A fim wannan ba aibi ba ne. Fim dama ɗinki ne, ana ɗaukar fitowa ɗaya sau da yawa a zaɓi mafi kyau, kuma mai kallo ya san da haka. Ko a Amurka, Julie Andrews ce ta rera waƙoƙin My Fair Lady a dandamali tun daga 1956, amma da aka zo mayar da shi fim a 1964 sai aka ɗauki Audrey Hepburn saboda sunanta, aka sa Marni Nixon ta rera mata yawancin waƙoƙin. Abin lura shi ne babu wanda ya taɓa tunanin yin wannan dabara a dandamalin da wasan ya fito.

Mu kuwa mun yi. Gala, wato wasan da jaruman fim ko masu kwaikwayonsu ke yi a gaban jama'a lokacin bukukuwan sallah da makamantansu, ta kwaso mamin ɗungurungum ta ɗora shi a dandamali. A dubi yadda abin ke gudana. Mai kula da sauti yana gefe da kwamfutarsa, ya saki waƙar da kowa a wurin ya riga ya haddace. Jarumi ya fito riƙe da makirufo wanda sau da yawa a kashe yake, yana bin baitocin da leɓe, rabin hankalinsa na kan masu tasowa yin liƙi. Idan jama'a suka ɗauki shewa a kan wani baiti, ba shi da ikon maimaita shi. Idan suka yi sanyi, ba zai iya gajarta waƙar ba. In kuwa janareto ya shaƙe a tsakiyar amshi, sai a ga baki na motsi babu sauti, a yi dariya, a jira mai gyara. Mutumin da ke kan dandamalin ba shi ke jan ragamar wasan ba, na'ura ce ke ja, shi da 'yan kallo duk mabiya ne. Kuɗin da aka karɓa a ƙofa kuɗin ganin fuska ne kawai, kuma wanda ya gan ta sau ɗaya ba shi da dalilin komawa.

Wasanninmu na gargajiya ba su san wannan rabuwa tsakanin mai yi da mai rerawa ba. A tashen watan azumi, yaron da ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda ya duƙa kamar tsoho shi ne mai bayar da waƙa, abokansa na amsawa, kuma tsawon wasan ya danganta da fuskar maigidan da aka je wa: in ya sake a ja, in ya tamke a taƙaita a wuce gaba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, da kuntiginsa kaɗai, yakan sauya murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaciya a cikin waƙa guda, har mai sauraro ya ga gidan da ake rigimar a idon zuciyarsa. 'Yan kama da 'yan gambara haka suke. Tibi, waɗanda ke da yawa a kudancin Taraba, suna da kwagh-hir, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2019, kuma a cikinsa mawaƙa da makaɗa na nan a fili suna bin motsin dodanni da 'yan tsana. Rubutattun wasanni irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi sun karkata ga zance saboda aji da rediyo aka nufa da su. Wasan kwaikwayo mai waƙa, ke nan, ba baƙon abu ne da za a shigo da shi ba. Baƙon shi ne mamin.

Dalilin da ya sa zaɓe ya kamata ya fara daga murya dalili ne na sana'a. A irin wannan wasa, waƙa na zuwa ne a gaɓar da magana ta gaza ɗaukar abin da ke zuciyar mutum: uwar da aka kawo wa labarin ɗanta, ko manomin da ya tarar an cinye masa gona. Idan 'yar wasa ta yi magana da muryarta mai rawa saboda kuka, sai kwatsam lasifika ta saki wata murya daban, sumul, wadda aka gyara da kwamfuta a Kano, zaren da ya ɗaure mai kallo ya tsinke nan take. Amma idan muryar da ta yi maganar ita ce ta ɗaga ta shiga waƙa, da numfashinta da 'yar shaƙewarta, mai kallo ba ya ma lura da inda zance ya ƙare waƙa ta fara. Ana iya koya wa mai murya tsayuwa da tafiya da kallon abokin wasa cikin 'yan watanni na bita. Koya wa wanda ba ya riƙe kari yadda zai rera waƙa a gaban mutum ɗari uku aiki ne na shekaru, wani ma har abada ba zai iya ba.

A nan ne Jalingo ke da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Garin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a farkon shekarun 1890 ya zama babban birnin jiha a ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka cire Taraba daga tsohuwar Gongola, kuma tun daga nan yake tara Fulani da Mumuye da Jukun da Kuteb da Chamba da Wurkum da Mambila da Hausawa da sauransu, Hausa ce kuma ke haɗa su a kasuwa da tasha. Muryoyin da aka horar suna nan birjik, sai dai ba a wuraren da masu shirya wasa ke dubawa ba. Duk ranar Lahadi ƙungiyoyin mawaƙa da zumuntar mata na majami'u suna rera waƙa da Hausa: mata cikin anko, wata na dukan bakin tulu, wata na kaɗa caki, jagora ta bayar su amsa, in ta ga jama'a sun motsa ta juya baitin ta sake kawo shi ba tare da ta yi wa kowa ishara ba. A ɗaya ɓangaren, ɗaliban Islamiyya suna rera waƙoƙi da gabatar da gajerun wasanni a walimar sauka, masu bege kuma suna raba dare a mauludi suna yi da bakinsu. Waɗannan mutane sun saba da bita mako-mako, sun saba da idon jama'a. Tarihi ya nuna abin da irin wannan taska ke iya haifarwa. Hubert Ogunde yana ɗan sanda ya gabatar da wasansa mai waƙa na farko a Legas a 1944 da tallafin wata majami'a, Duro Ladipo ma daga waƙar coci a Oshogbo ya taso kafin wasansa Oba Koso ya kai shi Jamus da Ingila a tsakiyar shekarun 1960.

Mai shirya wasa zai ce duk wannan zance ne, suna ke sayar da tikiti, in babu jarumin Kannywood a fosta ba mai zuwa. Akwai gaskiya a ciki, don mutane na son ganin wanda suka sani. Sai dai a yi lissafi. Ɗauko jarumi daga Kano ko Kaduna zuwa Jalingo na nufin kuɗin tafiya mai nisa, da masauki, da sallamarsa, domin dare ɗaya tak, kuma abin da ya rage ba ya isa a biya makaɗa balle a yi bita. Wasan da 'yan gari ashirin ke ciki kuwa, kowannensu na da dangi da abokan aiki da 'yan unguwa daga Magami zuwa Mayo-Gwoi, ana kuma iya maimaita shi mako bayan mako, a kai shi Wukari da Zing da Bali. Bolanle Austen-Peters ta nuna a Legas, da Saro a 2013 da Wakaa bayansa, cewa 'yan Nijeriya na biyan kuɗi su kalli mutane suna rerawa da makaɗa a gabansu, har su koma. Aljihun Legas daban ne da na Jalingo, babu musu, amma tsadar wasan ma daban ce. Kuma sharaɗin bai kori jarumai ba: wanda ya iya waƙa a cikinsu, irin Umar M. Shareef da ya fara da waƙa kafin fitowa a fim, ƙofa a buɗe take.

Wani kuma zai ce Hausar Taraba ba ta nuna ba, za a ji ana sauya jinsi ana sassauta haruffa masu lanƙwasa, wasan zai zama abin dariya. Wannan ƙorafi ya manta da Usman Baba Pategi, Banufe daga Jihar Kwara ta yanzu, wanda ya rasu a 2023. Hausar barikin da ya sa a bakin Samanja, sojan da ya fito a matsayinsa a wasan kwaikwayo, ita ce ta sa wasan ya shiga ran mutane shekara da shekaru, domin haka sojan gaske ke magana. Wasan da aka gina a kan rayuwar Jalingo dole ya yi magana da bakin Jalingo. Abin da ya fi cancantar damuwa shi ne kishiyar wannan, wato kada Hausa ta danne sauran harsunan jihar a dandamali kamar yadda take yi a titi. Waƙa na da maganin wannan fiye da zance. Ana iya tafiyar da labari da Hausa, amma uwa Bamumuya ta yi wa ɗanta waƙar reno da harshenta, makiyayi ya yi tasa da Fulatanci, mai kallo zai fahimci abin da ake nufi ko bai san kalmomin ba. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an zaɓi masu muryar da suka tashi da waɗannan waƙoƙi.

Saura batun tarbiyya, wanda ba a raina shi. Ƙyamar da iyaye da malamai ke yi wa gidajen gala ba daga sama ta faɗo ba, kuma ce-ce-ku-ce a kan rawa da waƙa na cikin abin da ya kai ga kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001. Amma a lura, idan aka cire wa ɗan wasa murya, jikinsa kaɗai ya rage masa ya nuna, shi ya sa mamin ke tura wasa wajen rawa da shigar da ake kuka da su. Wanda ke rera baiti mai ma'ana da bakinsa yana bukatar numfashi da natsuwa, jama'a kuma na bukatar yin shiru su ji. Ba kowane limami ko fasto zai bar ɗalibansa su hau dandamali ba, kuma haƙƙinsa ne. Wasan da aka yi da rana, a zauren makaranta, iyaye na zaune, ya fi kusa da samun yardarsu. Maganar rashin kayan sauti ma ba ta da ƙarfi: dandalin wasan da Jami'ar Ahmadu Bello ta gina da ƙasa a Samaru a shekarun 1970 ƙarami ne, yadda murya za ta iya isa kowa ba tare da lasifika ba.

Kira a nan ga hukumar kula da al'adu ta jiha, da Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na gari: a riƙa yin tantancewa a fili, a aika sanarwarta majami'u da Islamiyyu, kowane mai nema ya rera waƙa ba kiɗa kafin a tambaye shi sunansa. Masu shirya gala kuma su ci gaba da sana'arsu, amma su rubuta a fosta cewa mamin za a yi, domin mai biyan kuɗin ƙofa ya san abin da zai saya.