Farauta da karnuka a kudancin Kano: abin da sabon shiga ya kamata ya sani

Farauta da karnuka tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma har yau tana da ƙarfi a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ga duwatsun Riruwai, ga kuma fadamun da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga, saboda haka namun daji suna samun mafaka. Ba a koyon wannan sana'a da ka. Mai sha'awa yakan bi wani babban mafarauci ne, a ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa na garin.

Lokaci da abin da ake kamawa

Ana fita ne da rani, bayan an kawar da amfanin gona kuma ciyawa ta bushe. Akwai farautar yini, akwai kuma ta kwana, wadda ake yada zango a daji. Makaɗa ne ke sanar da ranar fita, su kuma raka ayari ana kirari.

Abin da aka fi kamawa shi ne zomo da kurege da gafiya da damo da zabon daji, wani lokaci da gada. Dila yana wahalar da karnuka saboda gudu da wayo, ita kuwa yanyawa, wadda ta fi yawa a ƙasa mai rairayi, da dare take fita, da rana tana cikin rami.

Kare da kayan aiki

Ɗan kwikwiyo yana koyo ne ta hanyar bin manyan karnuka. Ana so ya iya bin sawu da hanci, ya amsa kiran maigidansa, kuma ya riƙe abin da ya kama har a iso. Kafin a kai shi daji, wajibi ne likitan dabbobi ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, a riƙa maimaitawa duk shekara, domin dila na iya ɗauke da cutar, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum da wuya ya tsira. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti a ranar.

Gora da adda da gorar ruwa sun ishi sabon shiga. Bindiga, ko da ta toka ce, a nemi izinin 'yan sanda kafin a riƙe ta.

Ladubban daji

Yawancin faɗan mafarauta a kan mallakar nama yake tashi, musamman idan karnukan ayari biyu suka haɗu a kan dabba ɗaya. Yaro ba ya shiga wannan gardama. Manya ne ke raba ta. Haka nan ba a keta gonar rani, ba a sakin kare kusa da garken Fulani, ba a kuma cinna wa daji wuta don a koro nama.

Hukuncin addini

Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo. Sharaɗi shi ne mafarauci ya sake shi da kansa, ya ambaci sunan Allah, idan kuma ya tarar da dabbar da rai ya yanka ta. A mazhabar Malikiyya cin naman dila da makamantansa makaruhi ne, kamar yadda farauta don nishaɗi kawai take makaruhi.

Iyakar doka

Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, keɓaɓɓen wuri ne da ba a farauta cikinsa ba tare da izini ba. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin gandun daji goma da ta amince su koma na ƙasa. A wasu ƙasashen dokar ta fi haka tsauri: Ingila, inda aka shahara da bin yanyawa da karnuka a kan dawaki, ta haramta hakan da dokar 2004.

Tafiya farauta wata jiha kuma tana da nata haɗarin. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne da ke dawowa Kano bikin Sallah, bayan an ga bindigogi a motarsu. Don haka duk mai fita nesa ya riƙe katin ƙungiyarsa da takardar makaminsa, ya kuma sanar da hukumar garin da zai sauka kafin ya shiga dajinsu.