Kuɗin Ƙwallon Ƙafa a Nijar: Daga Filayen Kurfai Zuwa Kasuwar 'Yan Wasa ta Duniya

Kulob ɗin ƙwallon ƙafa yana samun kuɗi ta hanyoyi biyar: kuɗin shiga fili, haƙƙin nuna wasa a talabijin, tallan kamfanoni, ladan gasa, da sayar da 'yan wasa. A Turai dukkan hanyoyin nan suna kawo kuɗi mai kauri, shi ya sa dokokinsu suka dogara kan hana kulob kashe fiye da abin da ya samu. A Nijar hanyoyi huɗu na farko ba su taɓa ɗaukar nauyin kulob ba. Tarihin kuɗin ƙwallo a ƙasar ya ginu ne kan wanda ke ɗaukar nauyi daga aljihunsa, sai kuma ɗan wasan da ake fatan a sayar waje. Duk kulob mai buri, a Yamai yake ko a Filinge, da waɗannan biyu yake lissafi.

Zamanin unguwanni da Samariya

An fara gasar ƙasa a 1966. Ƙungiyoyin farko na unguwannin Yamai ne, har sunayensu na unguwa ne. Secteur 6, wadda daga baya ta zama Olympic FC, ita ta mamaye shekarun farko, Secteur 7 kuma ita ce tushen Sahel SC, kulob ɗin da ya fi kowa yawan kofin gasar. A lokacin ɗan wasa yana da sana'arsa: malamin makaranta, akawu, tela, soja. Kuɗin riga da ƙwallo da mota daga karo-karon 'yan unguwa da 'yan kasuwa suke fitowa.

Mulkin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ya ɗora harkar matasa a kan tsarin ƙungiyoyin matasa na Samariya. Kountché ɗan Fandu ne, a yankin Filinge, kuma babban filin wasa na Yamai, wanda 'yan Sin suka gina aka buɗe a 1989, sunansa yake ɗauke da shi. A ƙarƙashin Samariya wasa ya shiga garuruwan karkara da hannun hukuma: ita ke ba da mota, ita ke ciyar da 'yan wasa, ita ke sa kofi. A wannan zamani ne kofin ƙasa ya fita daga Yamai, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Jangorzo ta Maraɗi ta ci a 1983, Espoir ta Damagaram ta ci a 1984. Tsarin ya yaɗa wasa, amma bai bar wa kowane kulob asusun kansa ba. Da Samariya ta ja baya, aka kuma karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, farashin kayan wasa da tikitin jirgi ya ninka, ƙungiyoyin jama'a suka koma jiran mai hali guda ɗaya.

Ƙungiyoyin masu kaki da na kamfanonin gwamnati

Giɓin da aka samu hukumomin gwamnati ne suka cike shi. Jerin zakarun gasar daga 2013 zuwa 2024 ya nuna haka ƙarara: AS Douanes ta kwastan a 2013 da 2015, AS GNN ta rundunar tsaro ta Garde Nationale a 2014 da 2023 da 2024, AS FAN ta soja a 2016 da 2017, AS SONIDEP ta kamfanin mai a 2018 da 2019, USGN ta jandarma a 2021, sai ASN Nigelec ta kamfanin lantarki a 2022. Gasar 2020 annobar korona ta katse ta. A duk tsawon shekarun nan babu kulob na unguwa ko na wata jiha da ya ɗaga kofin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga masu harkar. Kulob na hukuma yana da kasafi na shekara, da motar tafiya, da masauki, da likita. Yana iya biyan albashi a ƙarshen wata, wani lokaci ma ya ba ɗan wasa begen samun aiki bayan ya rataye takalmi. Kulob na jama'a kuwa yakan biya kuɗin sa hannu a farkon kaka, sannan ya rayu kan ladan cin wasa, in shugaba ya samu. Saboda haka cinikin 'yan wasa a cikin gida hanya ɗaya yake bi, daga jihohi zuwa Yamai, daga ƙananan ƙungiyoyi zuwa na hukuma, kuma sau da yawa ba da wani kuɗin kirki ba. Akan sallami kulob ɗin da ya reni yaro da 'yan ƙwallaye da saitin riguna.

Waɗannan ƙungiyoyi ne kuma suka fi nisa a gasar Afirka. AS FAN ta kai matakin rukuni na kofin Confederation a 2010, bayan ta fitar da Étoile du Sahel ta Tunisiya. USGN ta maimaita haka a kakar 2021-2022, inda ta haɗu da RS Berkane ta Maroko, Simba ta Tanzaniya da ASEC Mimosas ta Kodebuwa. Shiga gasar Afirka ɗawainiya ce babba. Tikitin jirgi da otal na tawaga guda suna iya cinye kasafin kulob tun a zagayen share fage. A 2024 hukumar CAF ta fara ba kowane kulob da ke zagayen farko dalar Amurka 50,000, yayin da ladan zakaran babbar gasar kulob ta Afirka ya kai dala miliyan 4 a 2023, na Confederation kuma miliyan 2.

Dokokin da suka zo daga waje

A Turai hukuncin Bosman na 1995 ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya kyauta. Farashi da albashi suka yi ta hawa, bashi ya yi wa ƙungiyoyi katutu. Hukumar UEFA ta amince da dokar daidaita kashe kuɗi a 2009, a 2022 kuma ta sake ta, ta ƙayyade cewa albashi da cinikin 'yan wasa da ladan dillalai kada su wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga. A Ingila an yi dokar da ta hana asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekaru uku, kuma a kanta aka rage wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023-2024. Ko Newcastle, da asusun jarin Saudiyya ya saya a 2021, dole ta fara ƙara kuɗin shigarta kafin ta ƙara kashewa.

Dokar da ta shafi kulob na Nijar kai tsaye ita ce ta lasisin CAF. Kafin kulob ya buga gasar nahiya sai ya cika sharuɗɗa a fannoni biyar: wasanni, filin wasa, ma'aikata, takardun doka, da kuɗi. Ana neman ƙungiyar yara, da koci mai takardar shaida, da littafin kuɗi da aka bincika, da tabbacin cewa babu ɗan wasa ko koci ko wani kulob da ke bin bashin da lokacinsa ya wuce. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, wadda Djibrilla Hima Hamidou, da aka fi sani da Pele, ya karɓi jagorancinta a 2009, ita ke tantance takardun. Sharaɗin fili ya taɓa ƙasar baki ɗaya, domin akwai lokutan da Mena, ƙungiyar ƙasa, ta buga wasanninta na gida a Maroko. Ita kanta hukumar tana dogara sosai kan tallafin FIFA, wanda a zangon 2023 zuwa 2026 zai iya kai dala miliyan 8 ga kowace ƙasa, kuma da binciken yadda aka kashe shi yake zuwa.

Cinikin 'yan wasa

Babban misalin da ake bayarwa a Nijar shi ne na Moussa Maâzou. Daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, a 2009 kuma CSKA Moscow ta saye shi kan kuɗin da aka ruwaito ya kusa Yuro miliyan 5, wato sefa biliyan 3 da ɗoriya. Ribar mai tsoka a Beljiyam ta tsaya, domin a can aka yi ciniki na biyu. Amadou Moutari ya tashi daga Akokana ta Arlit ya bi ta Faransa da Yukiren da Rasha har zuwa Ferencváros ta Hungari. Wasu kuma ta wasu ƙasashen Afirka suka fita: mai tsaron gida Kassaly Daouda ya yi shekaru a Coton Sport ta Garwa a Kamaru, Victorien Adebayor ya yi suna a Inter Allies ta Gana kafin Turai ta waiwaye shi. Zuwan Mena gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, da karɓar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015 da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019, sun ƙara jawo dillalai zuwa Yamai.

Tun 2001 dokar FIFA ta tanadi haƙƙi iri biyu ga kulob ɗin da ya reni ɗan wasa. Na farko shi ne diyyar horarwa. Ana biyan ta idan yaro ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru na farko, ko ya sauya ƙasa kafin ya wuce shekara 23, kuma ana lissafa ta kan shekarun da aka horar da shi daga 12 zuwa 21. Ma'aunin na kulob mai saye ne. Babban kulob na Turai yana biyan Yuro 90,000 kan kowace shekara, amma shekarun 12 zuwa 15 a kan Yuro 10,000 ake lissafa su. Na biyu shi ne kason taimakekeniya: kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ciniki, wanda ake raba wa duk ƙungiyoyin da ɗan wasan ya zauna a cikinsu daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗu na farko suna ɗaukar kashi 1, takwas na baya suna ɗaukar kashi 4. Wannan haƙƙi yana bin ɗan wasa duk lokacin da aka sake sayar da shi a waje, har ƙarshen wasansa.

Lissafin a kuɗin gida yana da sauƙi, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Idan aka sayar da ɗan wasa kan Yuro miliyan 1, kulob ɗin da ya riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 yana da Yuro 10,000, fiye da sefa miliyan 6 da rabi. Idan kuma kulob na Turai ne ya ba shi kwantiragin farko, diyyar waɗannan shekaru huɗu takan kai Yuro 40,000, kimanin sefa miliyan 26. FIFA ta tilasta shigar da kowane ciniki tsakanin ƙasashe a na'urarta tun 2010, ta haramta wa 'yan kasuwa mallakar kaso a kan ɗan wasa a 2015, ta kuma buɗe ofishin tantancewa da rarraba waɗannan kuɗi a Faris a 2022. Dokar ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan dalilai da aka ƙayyade.

Matsayin Filinge da ƙasar Kurfai

Filinge, a ƙasar Kurfai, tana cikin Dallol Bosso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a kan hanyar da ta bi ta Balleyara. Kulob daga nan zai fara ne daga gasar jihar Tillaberi, ya hau rukuni na biyu na ƙasa, kafin ya kai rukuni na farko, wato Super Ligue. Kowane mataki yana ƙara kuɗin mota da abinci da masauki, ba tare da ya ƙara kuɗin shiga ba. Yawancin filayen karkara ba su da katanga, don haka sayar da tikiti ba ya yiwuwa. Kamfanonin da ke talla sun fi karkata ga kokowar gargajiya, wadda gasar takobinta ke gudana tun 1975 kuma take tara jama'a fiye da kowane wasa. Matsalar tsaro, da dokar ta-ɓaci, da hana hawan babur a sassan jihar sun ƙara wahalar tafiya wasa.

Inda ƙwallo ke da rai a yankin shi ne gasar babban hutun makaranta, lokacin da ɗalibai suka dawo gida da damina. 'Yan siyasa da 'yan kasuwa da 'yan asalin gari mazauna Yamai su ke sa kofi. A nan ake gano yara masu ƙafa, daga nan kuma ake kwashe su zuwa babban birni. Sai dai irin wannan gasa ba ta shiga rajistar hukuma. Haƙƙin diyya yana bin takarda ne: sai kulob yana da rajista da FENIFOOT, yaro yana da lasisi a kowace kaka, sunansa da ranar haihuwarsa sun dace da abin da ke cikin na'ura. Shekarar da ba a rubuta ba, babu mai biyan ta. Kulob ɗin da ya reni yaro babu lasisi tamkar makiyayi ne da ya yi kiwo bai yi wa dabbarsa shaida ba. Takardar haihuwa ma matsala ce, domin yara da yawa a karkara sai sun girma ake yi musu ta kotu, FIFA kuma tun 2009 take gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17.

Ƙungiyoyin Afirka ta Yamma da suka tsaya da ƙafafunsu ta wannan hanya suka bi. ASEC Mimosas ta buɗe makarantar horar da yara a Abijan a 1994, daga cikinta Kolo da Yaya Touré suka fito. Génération Foot ta Senegal ta ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa, ta nan Sadio Mané ya shiga Turai. Dukkansu sun haɗa horo da karatun boko da takardu masu tsabta, suna kuma sa sharaɗin samun kaso idan an sake sayar da ɗan wasa.

Kulob na Kurfai ba zai iya gogayya da kasafin soja ko na kwastan wajen biyan albashi ba. Abin da ke hannunsa shi ne rajista da hukuma, asusun banki da sunan kulob maimakon na shugaba, kuɗin mambobi da ake rubutawa, lasisin yara tun daga shekara 12, da rubutacciyar yarjejeniya duk ranar da wani kulob na Yamai ya ɗauki ɗan wasa. Irin waɗannan takardu ne dokar FIFA ke dubawa idan lokacin rabo ya zo.