Egeriya da Tsarin Ziyarar Masu Bi na Farko

Kowace shekara mukan raka iyayenmu tashar jirgi za su Isra'ila, su dawo da ruwan Kogin Urdun a kwalba, wasu kuma su ƙara JP a bayan sunansu. Da yawa cikinmu matasa muna marmarin ranar da za mu je. Kafin ranar ta zo, bari mu duba yadda ziyarar ta faro.

A ƙarnuka uku na farko ikilisiya ta sha tsanani, masu zuwa Urushalima kuwa kaɗan ne. A shekara ta 313 Sarki Kostantin ya ba Kirista 'yancin sujada. Wajen 326 mahaifiyarsa Helena ta ziyarci ƙasar, a 335 kuma aka keɓe majami'ar da aka gina a kan kabarin Yesu. Daga nan hanya ta buɗe.

Tsakanin 381 da 384 wata mace mai suna Egeriya ta taso daga yammacin Turai, ta zaga Urushalima da Dutsen Sinai tare da ayarin masu bi, tana rubuta wa 'yan'uwanta mata na gida abin da ta gani. An gano rubutun a Italiya a 1884. Abin lura shi ne tsarinsu. Duk inda suka isa, sai su yi addu'a, a buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta labarin abin da ya faru a wurin, a rera zabura, a sāke yin addu'a, sa'an nan su wuce. A Sinai da ƙafa suka hau dutsen, aka karanta daga littattafan Musa, suka ci jibin Ubangiji a can bisa. Ta kuma ba da labarin Lahadin da ke gaban Ista, yadda jama'a ke gangarowa daga Dutsen Zaitun riƙe da rassan dabino da na zaitun, iyaye ɗauke da jarirai a kafaɗa.

Amma tun a lokacin akwai masu zaƙewa. Egeriya ta ce ranar Juma'ar tunawa da gicciye, sa'ad da ake sumbatar itacen da ake girmamawa a matsayin gicciyen, dikinoni kan tsaya gadi, domin wani ya taɓa gatsar guntu ya tafi da shi. A zamanin nan ne Bishop Giregori na Nisa, wanda shi ma ya je Urushalima, ya rubuta wasiƙar gargaɗi. Ya ce ya gaskata haihuwar Almasihu kafin ya ga Baitalami, ya gaskata tashinsa kafin ya ga kabarin, kuma sauya wuri ba ya kawo mutum kusa da Allah. Wannan ya yi daidai da koyarwar Yesu ga Basamariya a Yohanna 4:21-24.

Saboda haka, wanda Ubangiji ya buɗe masa hanya ya je kamar Egeriya, da Littafi a hannu, ya dawo da tawali'u. Wanda kuma ba shi da hali, kada ya ɗauki kansa ƙaramin Kirista, kada kuma ya ci bashi saboda laƙabi. Nassin da aka karanta a kan Sinai yana nan a ɗakunanmu. Mu buɗe shi yau.

Ya Ubangiji, ka sa mu neme ka cikin ruhu da gaskiya, a gida ko a tafiya. Amin.